Wanda Yake Soya Burodin Iya

Ranar Litinin bayan azahar Allah ya karɓi abinsa. Kakana, mahaifin mahaifiyata, wanda duk gidanmu na unguwar Titirou a Parakou muke kira Baba Tsoho, ya dawo daga masallaci, ya zauna a kujerarsa ta zaure, ya ce a kawo masa ruwa. Kafin ruwan ya iso ya cika. Na Allah muke, kuma can muka nufa gaba ɗayanmu, wannan ba wanda bai sani ba. Ni dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda mutuwa ta shiga zauren nan ba ta tsaya ta yi sallama ba, don tun da na yi wayo ban ga mahaluƙin da ya taɓa yin haka ba.

Bayan la'asar aka sallace shi. Ban san Parakou tana da mutane haka ba sai ranar. Mahauta suka rufe teburansu tun rana tana sama. Fulani suka shigo daga rugage, suka jingine sandunansu a katangarmu har aka daina ganin katangar. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya na Gare, tashar jirgin ƙasa, suka bar lodi suka zo da man inji a hannuwansu. Washegari motocin Djougou suka iso, domin can ne asalinsa, da ƙanwarsa a motar gaba, wadda muke kira Kaka ta Djougou, tana salati tun daga bakin titi.

Ni aka ɗora wa kai ruwa rumfar maza, sai in miƙa ta bayan tabarmar da aka kare da ita. Da yake Allah bai yi ni da gajeren kunne ba, na ji abubuwa da yawa. Shekarunsa duka a kasuwar shanu ya yi su, tsakanin makiyayi da mahauci, kuma kowa a rumfar yana da nasa labarin. Wani tsohon direba ya ce yana wurin ranar da bijimi ya tsinke igiya a Gare ana shirin sa shi a jirgin Kwatano. Mutane suka haye kan buhuna, wasu suka shige ƙarƙashin tarago. Baba Tsoho ya tako a hankali, hannu ɗaya a baya, yana yi wa bijimin magana da Fulatanci, ya ɗora tafinsa a kan tozonsa, dabbar ta sunkuyar da kai ta bi shi. Wani mahauci ya ce a kasuwar Partago ya ga an zare wuƙa an ɗaga sanda a kan wata saniya da ta mutu a hanya. Baba Tsoho bai ɗaga murya ba. Hularsa ya cire ya ajiye a ƙasa tsakanin mutanen biyu, ya koma inuwa ya zauna da kai a buɗe. Ba wanda ya iya tsallake hular. Sai da suka sasanta, sannan ɗayansu ya ɗauko ta ya kaɗe ya kai masa da hannu biyu.

Sai wani Bafulatani mai farin gemu ya miƙe. Ya shiga zaure, ya tsuguna gaban kujerar da ba kowa a kanta, ya riƙe ƙafarta yana kuka ba sauti. Da na ga haka sai na ajiye butar na koma ciki.

A cikin mutanen Djougou akwai wani siririn tsoho da ba wanda ya sani. Kawu Babba, babban ɗan mamacin, ya tambaye shi daga wane ɓangare na dangi yake.

"Ni ba dangi ba ne," in ji shi. "Mai shayi ne ni a tashar Djougou. Alhaji ya taɓa aron kaskona, safiya huɗu."

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Kawu ya ce masa Allah ya ba da lada, amma a fuskarsa na ga ya ɗauka tsohon ya yi ɓatan gidan makoki ne. Mutumin da bijimi yake bi, me zai yi da kaskon mai shayi? Ni na san tsohon bai yi ɓatan kai ba. Akwai mutum ɗaya kuma da ta sani, sai dai ita tana can ciki, fuskarta a bango.

Ita ce Iya, kakata, matarsa. Tun daga ranar Litinin ɗin ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta faɗi ba. Ta yi wankan shiga takaba, ta zauna a kan tabarma a ɗakinta, tana amsa gaisuwa da kai. An kai koko, an kai kunun gyaɗa, an daka sakwara mai laushi da miyar da take so, an soya wagashi, cukun Fulani, duk suka dawo yadda suka tafi. Mace ce da ta tsufa ƙwarai, ga maganin hawan jini da ba a sha sai da abinci a ciki. Zuwa yammacin Talata leɓunanta sun bushe, hannunta yana rawa in ta ɗauki kofi. Maƙwabciyarmu mai aikin asibiti ta duba ta, ta ja mu gefe ta ce in aka kai Juma'a a haka, dole a ɗauke ta a yi mata ƙarin ruwa. Iya ta ji daga ciki.

"Ba ni fita gidan nan," ta ce. Ita ce doguwar maganarta ta farko tun rasuwar.

Kaka ta Djougou ta shiga ta yi mata faɗa, ta ce haramun ne mutum ya kashe kansa da yunwa, ta jawo abin da malamai suka ce. Iya ta ce gaskiya ne, Allah ya saka da alheri, ta sake juya wa bango fuska. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga muna shirin shimfiɗa tabarmar makoki sau biyu a mako ɗaya.

Sai matar Kawu Babba ta tuna. "Ai Iya ba ta karyawa da komai sai soyayyen burodinta. Shi za a yi mata."

Dole in tsaya a nan in yi bayanin burodin nan, don duk wanda ya tashi a gidanmu ya san shi. Tsofaffin biyu suna da sashensu a ƙuryar gida, da ƙofarsa, kuma ba mai shiga kafin rana ta fito. Kowace safiya bayan asuba wani ƙamshi yakan taso daga can, na man shanu da ƙwai da sukari da ya fara ƙonewa, ya bi ta kan katanga ya tayar da mu. Da hantsi Iya takan fito da ragowar yanka biyu ko uku a faranti, ta gutsuttsura wa jikoki. Bayansa ja ne mai ɗan ƙarfi, cikinsa kuwa laushi kamar an dafa madara ta daskare. Mu muna ce masa burodin Iya. Waɗanda suka yi lakwal, makarantar Faransanci, suna ce masa pen perdi, suna murɗa baki. In Baba Tsoho ya yi tafiyar kasuwa sai ƙamshin ya ɗauke, matan gida su ce, kun ga mace mai ladabi, in maigida ba ya nan ba ta ma hura wuta. In surukai suka tambaye ta yadda ake yi, sai ta ce, "Ƙwai ne da madara, sai a soya," ta kawo wata magana.

Ni ma haka na yarda har na yi aure na haihu. Da na zo wankan jego, ɗaki ya yi kaɗan, aka sauke ni a sashen tsofaffin. Wata safiya jaririyata ta ƙi barci, na saɓa ta a kafaɗa na fito ina jijjiga ta. Bayan ɗakin Baba Tsoho akwai wani lungu da aka kare da kwano. Na leƙa. Ga mutumin da mahautan Parakou suke cire takalmi kafin su gaishe shi, tsugune gaban murhun gawayi, ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, hula a ƙeya, yana juya yankan burodi a kasko da bakin cokali.

Na daskare a tsaye. Shi kuwa bai ko firgita ba. Tsakanina da shi akwai wasan kaka da jika, amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa ango mai furfura.

"Mi kike kallo, amarya?"

"Ango, kai ne kuku?"

"Ni ne. In kika faɗa wa wani, na sake ki saki uku, kuma ba ni biyan kuɗin zem, mai babur ɗin da zai maida ki gidanku."

Ya ɗauki yanka ɗaya da zafinsa, ya zuba masa zuma, ya miƙo mini a kan murfin kwano. Toshiyar baki ce, na kuwa karɓa. Daga ranar har na gama kwana arba'in, kullum nakan sami yankana a bakin taga an rufe da faifai. Lokacin ba ni da daɗin rai, haihuwar ta zo da wuya, ina yawan kuka ba dalili, kuma ba wanda ya lura sai shi. Bai taɓa tambayata me ya same ni ba. Yankan dai yake ajiyewa, wani lokaci ya ƙwanƙwasa tagar da yatsa ɗaya ya wuce. Amma bai sake barina na tsaya a lungun ba. In na leƙo sai ya ce, "Dusma, a hankali, koma ki ba ɗiyata nono." Abin da na gani duka shi ne suyar. Sauran sai dai abin da kunne ya jiyo ta bango: wani ƙara gurus-gurus kamar kafinta yana yanka katako, sai kaɗa ƙwai, sai dogon shiru da ƙarar 'ya'yan carbi. Na ɗauka asuwaki yake yankawa, kuma wuridinsa yake ƙarasawa.

A fili kuwa ba za ka ce mutanen nan biyu suna shiri ba. "Ke" yake ce mata, ita ta ce "Malam". Sun yi shekaru suna musu a kan ko taga a buɗe za ta kwana ko a rufe. Ba na jin na taɓa ganin sun zauna a tabarma ɗaya a gaban mutane. Lokacin da aka yi bikin wata jikar Kaka ta Djougou muka tafi can gaba ɗaya, kwana huɗu. Kowace safiya bayan asuba sai ya hau zem ya ɓace, ya dawo da kwano a ƙunshe cikin hannun babbar riga, ya miƙa wa Iya yana ɓata rai.

"Ga shi nan, a tasha na saya. Tunda ke ba ki iya cin abincin mutane."

"Wa ya aike ka?" in ji ta, tana buɗe kwanon.

Kaka ta Djougou ta yi ta mita cewa an raina kokon gidanta. Ni kuwa na ga ɗan tabon ƙuna a yatsansa na yi shiru. Kaskon da siririn tsohon nan ya ambata a wurin ta'aziyya ke nan.

Faɗa ɗaya na taɓa ganin ya yi a cikin gida, kuma a kan burodi ne. An yi suna, aka sayo burodi da yawa don shayin baƙi, ya ragu. Bayan kwana biyu ya bushe, Kawu Babba ya sa aka kwashe aka zuba a bola. Baba Tsoho ya dawo daga kasuwa ya gani. Ya tsaya a kan bolar ya daɗe, sannan ya aika a kira Kawu, mutum mai mata da 'ya'ya da butik, wato kanti, a bakin kasuwa.

"Wa ya ce maka ya mutu?"

"Baba, ya bushe ne, ba mai iya ci."

"Kai ne ba ka iya ba. Abu in ya bushe ba mutuwa ya yi ba, jira yake a san yadda za a yi da shi."

Mako guda bai amsa gaisuwar Kawu ba. Duk muka ɗauka tsoron Allah ne kawai, irin na mutanen da da ba sa son ganin abinci a ƙasa. Ni da nake ganin na fi kowa sani, ko ni ban haɗa wannan da wancan ba.

To, ranar Laraba da asuba matar Kawu ta ɗaura ɗamarar yi wa Iya burodinta. Mace ce mai kirki da son a yi abu yadda ya kamata. Ta tura zem har gidan burodi, ta ce a tsaya a bakin tanda a karɓo na farkon fitowa. Wata daga cikin 'yan Djougou ta ce ai akwai ragowar na jiya a kicin. Matar Kawu ta dafe ƙirji.

"Na jiya? A ba uwar mijina burodin jiya tana cikin takaba? Me za a ce da mu a Djougou?"

Kowa ya ce gaskiyarta, har da ni. A wurinmu babba ba a ba shi kwantai, balle mai makoki. Aka kawo burodi da ɗuminsa, yana lotsawa in an taɓa. Ta yanka da ƙyar don laushi, ta tsoma a ƙwai da madara. Kafin ta ɗaga shi ya sha ruwa ya narke a yatsunta. Abin da ya isa kasko ya caɓe, bayansa ya ƙone, cikinsa ɗanye. Na ce ta matsa, ni na san yadda ake yi, na faɗa da gadara kuwa. Nawa ya fi nata muni. Muka zaɓi masu ɗan kyan gani muka kai. Iya ta ɗaga faifan, ta duba, ta mayar ta rufe.

"Allah ya yi muku albarka," ta ce. Ko yatsa ba ta sa ba.

Na fita bayan gida na yi kuka mai isata. Haushin kaina nake ji. Kwana arba'in ina cin abin nan, shekara goma sha biyu ina riƙe da sirrinsa ina jin kaina wata tsiya, ban taɓa cewa ango koya mini ba.

A ranar aka yi addu'ar uku. Da yamma, da baƙi suka ragu, Kawu Babba ya karɓi mabuɗi ya buɗe ɗakin Baba Tsoho don a fitar da tufafin da za a yi sadaka da su. Ni ya kira in riƙa ninkewa. Ɗakin ba komai a ciki sai gado, buzu, akwatin ƙarfe da Alƙur'aninsa a kan marfin akwatin. A bayan ƙofa kuwa wani kwando ne a rataye, an rufe shi da farin ƙyalle mai tsabta. Kawu ya sauke ya buɗe. Dogon burodi ne sanda biyu, kowace a naɗe da takardarta, sun bushe ƙarau. Ya ƙwanƙwasa ɗaya a jikin ƙofa ta yi ƙara. A gefensu akwai wuƙa mai haƙora, da ƙwallon gyaɗar ƙamshi da aka kankare rabinsa, da ƙaramar kwalbar zuma.

Fuskar Kawu ta canza. Ya zauna a bakin gado, idanunsa suka kawo ruwa.

"Bon. Kin ga abin da tsufa yake yi," ya ce da ƙaramar murya. "Mahaifinmu yana ɓoye busasshen burodi a ɗaki, muna gida ɗaya ba mu sani ba. Kamar ba mu ciyar da shi. Ki kai wa tumaki yanzu, ta ƙofar baya. Kada mutanen Djougou su gani."

Ni kuwa wuƙar nake kallo. Gurus-gurus. Ashe ba asuwaki ba ne. Sai na tuna matar nan mai tallar burodi a daro, da take tsayawa a ƙofar zaure kowane hantsi, ya ɗauki sanda ɗaya ya tura cikin hannun riga. Kullum ɗaya. Wanda ya saya yau ba na gobe ba ne, sai ya kwana biyu a kwando ya bushe yadda zai sha ƙwai da madara bai narke ba. Biyun da ke gabanmu, ɗaya na Lahadi ne, ɗaya na Litinin. Da hantsin ranar da zai mutu ya sayi na Litinin ɗin, don karin kumallon Iya na ranar Laraba.

Na ji labarin bijimi, na ji na hula, duk ban ji abin da na ji a gaban kwandon nan ba. Na rungume shi a ƙirji.

"Kawu, tumaki su yi haƙuri."

"Ke, ba na son rashin kunya yau."

"Ba rashin kunya ba ce. Ka ba ni zuwa gobe da safe, in ban yi komai da shi ba ni da kaina zan kai musu."

Ya dube ni, ya kaɗa hannu ya ci gaba da fitar da riguna.

Alhamis bayan asuba na shiga lungun. Murhunsa yana nan, da kaskon a kife, da ɗan kwanon man shanu. Na hura gawayi. Na ɗauki sandar Lahadi na yanka a karkace, kaurin yatsa biyu, yadda nake ganin yankan a faranti. Na fasa ƙwai uku, na zuba madara, sukari cokali biyu, ɗan gishiri a bakin yatsa, na kankara gyaɗar ƙamshi, na kaɗa. Da yake tsoron caɓewar jiya bai sake ni ba, sai na riƙa tsomawa ina cirewa da sauri. Suka soyu da kyau, ja gwanin sha'awa. Na gutsura ɗaya, haƙorina ya daki dutse. Madarar ba ta wuce fatar ba. Kuma da rawar kaina duk sandar na yanka na soya gaba ɗaya.

Saura ta Litinin. Na zauna a ƙasa ina kallonta. In na ɓata wannan, ko an sayo wani yau ba zai yi ba sai Asabar, kuma maganar asibiti Juma'a ce. Na rufe ido na bi abin da nake ji ta bango a kwanakin jego, ɗaya bayan ɗaya. Yanka. Kaɗa ƙwai. Sai shirun nan da carbi. Ashe shirun ma aiki ne, da shi yake auna jiƙon.

Na yanka rabin sandar kawai, yanka huɗu. Na sake haɗa ƙwai da madara, na kwantar da su a ciki. Carbinsa yana rataye a ƙusa a jikin kwanon lungun, na ɗauko. Na ja zagaye ɗaya na istigfari, ban yi sauri ba, na juya yankan, na sake jan wani. Da yake burodin ya ƙara kwana a kan yadda ya saba, na ƙara rabin zagaye. Na danna da yatsa, ya lotsa ya dawo, ya yi nauyi amma bai rabu ba. Na barbaɗa toka a kan garwashin don wutar ta kwanta. Man shanu ya narke ya fara kumfa, na jera su. Ban taɓa su ba sai da gefen ya yi ja, sannan na juya da bakin cokali.

Ƙamshin ya tashi ya haye katanga. Na ji tsakar gida ta yi tsit, har mai shara ta tsaya. Wata jika ƙarama ta ce da ƙarfi, "Iya ta warke!" aka ce mata ta yi shiru.

Na zuba zuma, na rufe da faifai, na yi sallama a ƙofar Iya. A zaune na same ta, ta riga ta juyo daga bango, idanunta a kan ƙofa. Da ta ga ni ce sai wani abu ya faɗi a fuskarta, na gane ba ni ta yi tsammani ba, ko da na daƙiƙa ɗaya ne. Na durƙusa na ajiye farantin. Ta ɗaga faifan, ta danna yanka ɗaya da yatsa.

"Ina kika samu burodin?"

"A kwandonsa, Iya. Na Litinin ne."

Ta ajiye faifan a gefe. Sannan ta fara magana, ba ni take kallo ba.

"Kafin Kawunku akwai wani ɗa da na haifa. Wata takwas ya yi. Lokacin muna ɗaki ɗaya a bayan Gare, ba kowa namu a garin nan. Da aka binne shi na kwanta, na ce ni ma a bar ni. Kwana biyar. Malam bai iya ko dafa ruwa ba. Ya je wurin wani kuku na ma'aikatan jirgi ya tsuguna masa, babban mutum da shi, ya ce a koya mishi abin da mara lafiya zai iya haɗiya. Ya zo ya yi da wani tsohon burodi da ke ɗakin. Ya ƙone shi baƙi ƙirin, ya ƙone hannunshi. Don tausayin hannun na ci. Sai ya ce, in kin ci yau, gobe ma ina yi." Ta share ido da gefen mayafi. "Ni na ɗauka na mako guda yake nufi."

Na zauna ina jin hawaye suna bin wuyana.

"Ya ce in kin faɗa ya sake ki, ko?"

"Saki uku, Iya."

"Faɗi abinki. Yanzu kunya ba ta isa inda yake."

Shi ya sa na rubuta wannan. Ango, ka yafe mini, da izini na tona. Ba na so a tuna da kai a bijimi da hula kaɗai.

Iya ta yi bisimilla. Ta gutsuri gefen yanka ɗaya, ta sa a baki, ta daɗe tana taunawa da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ina kallonta har ta haɗiye. Ta sake gutsura. Ta ce sukarin ya yi yawa, kuma na yi rowar gyaɗar ƙamshi, na ce to. Ta cinye ɗaya, ta cinye na biyu, ta miƙo hannu na ba ta ruwa da ƙwayar maganinta. Ta ce Allah ya jiƙan Malam, ya yalwata masa kabarinsa, ya ciyar da shi daga abin da ya fi wannan. Na ce amin.

Na ɗauki farantin na miƙe. Har na kai bakin ƙofa ta kira ni.

"Nawa ya rage?"

"Rabin sanda."

"Wannan na gobe ne." Ta gyara zamanta, ta jawo mayafi kan kafaɗa. "In mai burodi ta zo da hantsi, ki tsayar da ita ki ɗauki ɗaya. Ki sa a kwando, na jibi."